Kawu da Jirgin da Ya Gani a Faifan Gem

Ranar sadakar ukun Kawu tabarmin gidan ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Ban zaci haka ba. Kawu wan mahaifiyata ne, masassaƙin jiragen ruwa a garinmu na bakin kogin Kwara, ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar da za a zo dominta. Amma 'yan fito masu tsallakar da mutane sun ɗaure jiragensu sun zo, masunta sun zo, matan da ke kai shinkafa da albasa kasuwar Dole Kaina suka cika tsakar gida wurin Inna, matarsa. Wani dattijo ya tsallako daga ɓangaren Benin, ya yi addu'a, sannan ya yi magana da Dendanci aka fassara mana. Ya ce tun yana da ƙarfinsa da jirgin Kawu yake ciyar da iyalinsa, kuma har yau jirgin bai taɓa ba shi kunya ba.

Ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana zaune a bakin zaure. Tare suka yi sassaƙa tun suna samari, tare kuma suka yi gardama kusan kullum. Duk wanda ya yi masa gaisuwa, abu ɗaya yake faɗa: "Allah shi gafarta mai." Ba ya ƙarawa.

Can bayan la'asar, da aka ɗan sake, wani ɗan fito ya ce, "To, mai jirgin gem ya tahi." Sai wurin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa, har liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daga nan kowa ya kama ba da labarin yadda ya ji shi. Wani ya ce Kawu da kansa yake buga gem. Wani ya ce a mafarki ya ga jirgin. Wani ya rantse Turawa ne suka aiko masa da zane. Ina saurare, na ga in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru ba wanda zai san yadda aka yi. A shagona abin ya faru, kuma ni ne na ɓata masa rai a tsakiyarsa.

Kawu dogo ne, ba mai yawan magana ba. Kullum akwai tsinken tsintsiya soke a gefen hularsa, da shi yake auna komai. Zai miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya kara tsinken a jikin abu daga nesa, ya matsar da babban yatsa, shi ke nan ya san tsawo da faɗi. Yana da tef ɗin awo a aljihu, amma sai ya gama da tsinke yake fito da shi, don masu jirgi su samu natsuwa. Ba ya shiga jirgi da takalmi. Ba ya yabon sabon jirgi, ko nasa ko na wani. In an ce, "Kawu, wanga ya yi kyau," sai ya ce, "Bari damina ta gan shi."

Da na buɗe shago a Bagudo ina gyaran waya, na sa talabijin biyu da na'urar gem a gefe, dangi ba su ji daɗi ba. Mahaifina ya ce na gama makaranta na koma wasan yara. Aka yi ta magana a gidajen suna da na biki. Kawu kuwa, ranar kasuwa ta farko, da ya gama sayen ƙusa da kwalta, ya shigo shagon ya nemi benci ya zauna a inda duk mai wucewa zai gan shi. Ya sha furarsa a nan, ya yi azahar a masallacin kusa, ya dawo ya zauna har la'asar. Kasuwa ta gaba ma haka. Da mutane suka ga dattijo kamar Kawu ya mayar da wurin mazauninsa, maganar ta mutu da kanta. Bai taɓa gaya mini dalilin zuwansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bai damu da gem ɗin ba. In ana faɗa a talabijin, bayansa yake juya mata. Wata rana wani ɗan kabu-kabu da ke zuwa hutawa yana buga wani faifai da na sayo daga Benin, duk maganar cikinsa Faransanci ce. A irin waɗannan wasanni, in ka ci wani mataki sai wasan ya tsaya, a nuna ɗan gajeren fim da ke ci gaba da labarin, sannan a mayar maka da wasan. Fim ɗin ranar bai kai minti ɗaya ba. Wasu mutane ne ke gudu a cikin jirgin katako, ruwa ya yi tsauri, jirgin yana tahowa yana keta igiyar ruwa. Ban san lokacin da Kawu ya juyo ba. Sai dai na gan shi tsaye gaban talabijin.

"Maido shi baya," ya ce.

Na ce ba a maidowa. Sau ɗaya yake fitowa, in ya wuce sai an sake wasan tun daga farko, kuma aikin kwana biyu ne.

"To, a fara."

Ɗan kabu-kabun ya yi dariya ya ce shi kam yana da iyali. Na ce wa Kawu ya ba ni lokaci, fim ɗin yana cikin faifan, zan nemi yadda zan ciro shi. Na faɗa ne kawai, ban taɓa yi ba.

Na sa faifan a tsohuwar kwamfutata na buɗe. Na zaci zan ga fina-finan jere kamar waƙoƙi a katin waya. Abin da na tarar 'yan ƙananan fayiloli ne da wani ƙato guda ɗaya da ya cinye kusan duk faifan. Hoto da sauti da wasan kansa duk suna cikinsa a cakuɗe. Da na yi wa Kawu bayani na ce kamar an zuba gero da dawa da shinkafa a buhu ɗaya an ɗinke.

"Ai mata na raba waɗanga da faifai," ya ce. "Kai ma ga faifai hannunka."

Na shiga bincike a waya, ina karanta abin da masu irin wannan aiki suka rubuta, rabi ina ganewa rabi ina laluben hanya. Na samu wata manhaja da ke bin ƙaton fayil ɗin tana tsinto inda fim ya fara da inda ya ƙare. Karon farko ta tsaya a tsakiya, don faifan yana da ƙarzuwa. Na goge shi da tsumma mai laushi, na kwafe shi gaba ɗaya cikin kwamfuta a hankali, sannan na sake sa ta. Ta fito da fina-finai arba'in da 'yan kai, ba suna, sai lamba. Kuma ko ɗaya bai buɗu ba, don na'urar gem kaɗai ta san irinsu. Sai da na nemo manhaja ta biyu da ke juya su zuwa irin wanda waya da talabijin ke karantawa. Kowane ɗaya yana cin lokaci, batirin sola kuma ba ya kai yamma in ana cajin wayoyin mutane. A rana nakan juya biyu ko uku.

Tunda ba mu san lambar namu ba, ɗaya bayan ɗaya muka riƙa buɗewa ranakun kasuwa. Kawu ya kalli abubuwan da bai nema ba. Ya ga wani dogon gini a kan dutse ya ce, "Wa ka kai musu ruwa can?" Ya ga wata mata tana kuka a kan gawa, bai san me take faɗa ba, amma ya cire hula ya mayar. In faɗa ne, sai ya ce in wuce. A na talatin da ɗaya jirgin ya fito. Babu sauti, don sautin a wani wuri dabam yake. Na fara ba shi haƙuri.

"Ba kukan ruwa nika nema ba," ya ce. "Sake."

Na sake. Na ƙara sakewa. Na tsayar masa da hoton a daidai inda jirgin ya fuskanto mu. Ina jiran ya ce madalla, don mako uku na yi a kan aikin. Ya zare tsinke daga hula, ya kara a gilashin talabijin a tsaye, ya kara a kwance, ya daɗe.

"Ba shi na ba."

Na ce shi ne, Kawu, jirgi ɗaya ne a faifan.

"Wanda nig gani ƙirjinai a buɗe yake. Wanga an matse shi. In ka sa wanga ga ruwa, kifewa za ya yi."

Na ce ban taɓa komai ba, yadda yake a faifan haka na ciro shi. Ya ce an matse. Na ce sau ɗaya ya gan shi, na ƙasa da minti ɗaya, makonni uku da suka wuce. Ya ce sau ɗaya ya isa. Akwai mutane a shagon, ni kuma gajiya da son a yaba mini sun hau kaina. Sai na ce, "Kawu, kwamfuta ba ta kuskure. Ido ne dai ya tsufa."

Ya mayar da tsinken a hula, ya ɗauki ledar ƙusarsa, ya ce, "Allah shi ba da kasuwa." Ya fita.

Kasuwa biyu bai zo ba. A ta uku mahaifiyata ce ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Mi kac ce ma yayana?"

Na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Ba ka san yanar ido ta fara rufe mai idanu ba? Ɗaya ya kusa tahiya. Ya hana a faɗi. Shi as sa yake gaggawa, so yake shi yi jirgi ɗaya kamin ɗayan shi bi."

Da ta tafi na ware talabijin ɗaya, na ce wa masu gem ta lalace. Na zauna na fara wasan tun daga farko, ina bugawa tsakanin gyaran waya da gyaran waya. Kwana uku ya ɗauke ni, don ban kai ɗan kabu-kabun iyawa ba. Da na ga an kusa wurin, na kafa waya a gaban talabijin ta ɗauka. Sannan na ajiye hotunan biyu gefe da gefe, na karyo tsinke daga tsintsiyar shago na auna. Kawu ne da gaskiya. Wanda na ciro ya fi tsukewa, ba kaɗan ba. Har ranar da ke sararin sama a hoton nawa ta yi tsawo kamar ƙwai, ban lura ba. Da na koma karatu na gane cewa a matse ake ajiye hoton a faifan, na'urar gem ce ke buɗe shi in za ta nuna. Ni da na ciro, ban gaya wa manhajar ta buɗe shi ba.

Na sake juya shi da faɗinsa na gaskiya. Na nemo sautin na haɗa, ko da bai nema ba. Na yi wani mai tafiya a hankali. Na yanko hotuna tara, daga gaba da gefe da baya, na kai inda ake buga takardu aka fitar mini da su manya. Da safe na hau babur na tafi gida.

Na same shi a bakin ruwa, ƙarƙashin rumfar da suke aiki, yana wasa gizago. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ni ne na yi kuskure. Kuma maganar da na faɗa ba ta dace ba. Ka yafe mini." Na miƙa masa takardun. Ya goge hannu a riga, ya ɗauki ta farko ya kai ta kusa da idonsa na dama, ya zare tsinke ya auna.

"Yawwa," ya ce. "Ga shi nan." Ya duba ta biyu da ta uku. Sannan ya ce, "Ka karya? Shiga wurin innarka, akwai ɗumame."

Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

A ranar ya gaya mini abin da yake nema. Ya ce tun da aka fara ɗaura wa jirage inji, abu ɗaya ke damunsa. Jirgi in ya ɗauki kaya ya yi gudu, goshinsa yakan nitsa cikin igiyar ruwa, ruwan ya watso ciki. Mata su isa kasuwa da jiƙaƙƙen gari, shinkafa ta yi laushi, in iska ta tashi kuma kowa ya kama salati ana kwarfe ruwa. Ya taɓa ɗaga goshin sama, iska ta riƙa juya jirgin. Wannan na faifan ba tsawo aka ƙara masa ba. Katakan sama ne suka murɗe suka buɗe waje, in ruwa ya taso sai ya bi su ya zube gefe. Ya ce shekaru yana juya abin a ransa bai ga yadda katakan za su haɗu ba, sai ranar da ya ga fim ɗin.

Kawu Ƙarami bai yarda ba. Ya ɗauki takarda ɗaya ya juya ta sama da ƙasa ya ajiye.

"Tun muna samari muka sassaƙa, yau zanen yara za ya koya muna aiki?"

"Ko bakin mahaukaci kaj ji hanya, leƙa ka gani," in ji Kawu.

"Katako ba ya murɗewa haka. Tsagewa za ya yi."

"To, zo ka riƙe min shi tsage."

Ya tsage kuwa, har biyu. Kawu Ƙarami ya yi ta faɗa a kan asarar katako, yana cewa gari zai yi musu dariya, amma bai bar wurin ba. Na ukun shi ne ma ya ce a jiƙa shi a ruwa kwana biyu, a gasa shi a kan garwashi kaɗan-kaɗan ana ɗaure shi da igiya ana ƙara ja. Ya lanƙwasu bai tsage ba. Da Kawu ya ce, "Ka gani?" sai ya ce, "Ni nig gyara shi, ba takardarka ba."

Ƙasan jirgin kuwa fim ɗin bai taɓa nunawa ba, kullum yana cikin ruwa. Na tambayi Kawu ko in ƙara bincike. Ya ce in bari. "Nasu na teku na, namu na yashi. Ƙasa ni nas san ta." Ya yi masa shimfiɗaɗɗen ciki irin na jiragenmu, wanda ke wuce tudun yashi da rani. Takardun suna maƙale da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa har rana ta koɗar da su. Zuwa lokacin ya fi aiki da tafin hannu fiye da ido, yana shafa katako yana cewa a rage nan, a bar nan.

Ranar da aka tura shi ruwa mutane sun taru, da yawa dariya suka zo yi, don sunan jirgin gem ya riga ya bi shi. Aka ɗora buhuna, aka tayar da inji, aka nufi tsakiyar Kwara inda ruwa ke da ƙarfi. Muna tsaye muna ganin ruwan yana rabuwa yana zuba gefe biyu. Da suka dawo, ɗan fiton da ya tuƙa shi ya ce ya fi sauran nauyi kuma ba ya saurin juyawa, amma buhunan gaba a bushe suke. Na dubi Kawu ina murna. Ya ce abin da ya saba faɗa game da damina, ya juya ya tafi alwala.

Damina ta zo ta wuce. Matan kasuwa suka riƙa jiran wannan jirgin ko da akwai wani a gabansa da bai cika ba. Jirgin da Kawu Ƙarami ya yi bayan nan shi kaɗai, da irin wannan ƙirjin ya fito, sai dai bai buɗe kamar na farko ba, kuma ya fi saurin juyawa. In an tambaye shi sai ya ce kuskuren yayansa ya gyara. Kawu ya ji, ya ce gaskiya ya faɗa.

Daga baya an yi masa aikin ido ɗaya, ya ɗan samu sauƙi, amma gizago ya riga ya yi masa nauyi. Ya ci gaba da zuwa shago ranar kasuwa, wani ɗan fito yana kawo shi a babur. Zuwansa na kusa da ƙarshe ya tambaye ni sauran fina-finan da ba mu buɗe ba. Na ce suna nan, na juya su duka tun tuni. Muka kalla. Na ƙarshe ba hoto, rubutu ne kawai ke hawa sama a kan baƙin allo, yana ta hawa.

"Wanga fa?"

Na ce sunayen waɗanda suka yi aikin ne.

"Dukansu? Karanta min."

Na fara karantawa, harshena yana sarƙewa da sunayen da ban san daga wace ƙasa suke ba. Ya yi ta dariya har da tari, amma bai ce in tsaya ba, sai da na gaji da kaina.

"Cikinsu akwai ɗan masassaƙi," ya ce. "Ko ubanai, ko kakanai."

Na ce ta yaya ya sani.

Ya ce in sa jirgin. Na sa, ya ce in tsayar inda aka nuna gefen hagu. Ya matsa kusa, ya ɗora yatsa a kan gilashin. Wani ɗan guntun katako ne aka buga a kan wani, launinsa ya ɗan bambanta, da ƙusa huɗu. Na kalli fim ɗin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ban taɓa ganinsa ba.

"Faci na," ya ce. "Nan jirgi ka gogar gaɓa in an ɗaure shi. Nan yaka fara ci. Wanda bai tashi cikin jirage ba, sabo za ya zana, ko shi sa facin inda ya ga dama. Wanga ya san wurin." Ya koma ya zauna a benci. "In Allah ya haɗa ku cikin wayar nan taku, ka ce mai wani tsoho a Kwara ya ga facin."

Na nema. Sunayen suna da yawa, kuma ba a rubuta wanda ya zana jirgi ba. Saƙon yana wurina har yanzu.

Kawu ya yi jinyar kwana tara a ɗakinsa, da hankalinsa, ya cika da hantsi Inna da ƙanensa suna kusa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya buɗa masa makwanci. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba Kawu Ƙarami haƙurin rashin abokin gardama. Mu da muka rage, Allah ya sa mu tsallaka lafiya.